Lesin ɗin Turanci na yamma a wajen Gadon Ƙaya: wata uku na yi, ga abin da na gani

Mutane da yawa sun dame ni da tambaya a kasuwa da WhatsApp wai ya lesin ɗin nan da nake zuwa yake, ya cancanci mutum ya kai kuɗinsa ko kuwa, to na gaji da maimaita zance ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya sai in tura masa kawai. Sunan wajen dai ba zan faɗa ba, don akwai abubuwan da zan ambata da ba za su yi wa masu shi daɗi ba kuma ni ba rigima nake nema ba. Bene ne a ɓangaren Gadon Ƙaya, ƙasa shaguna sama ajujuwa uku.

Ni ɗan kasuwa ne, kayan waya nake sayarwa a Farm Center, caja da batir da gilashi da makamantansu. Shekara 11 ke nan da na gama sakandare, a WAEC komai ya yi kyau har lissafi C5 na samu, Turanci ne kaɗai ya tsaya min a maƙoshi, D7 aka ba ni, na sake gwadawa a NECO aka ƙara jefo ni ƙasa E8, daga nan na yi zuciya na shige kasuwa. To kowa ya sani in ba ka da kiredit a Turanci, wato C6 zuwa sama, babu jami'ar da za ta kalli takardarka. Yanzu kuma sha'awar karatun ta dawo ina son in nemi BUK, sai na ce bari in shirya wa NECO ta waje da ake yi wajen ƙarshen shekara. Wani maƙwabcin shagona ne ya nuna min wajen, ƙanwarsa ta yi a can.

Kuɗin da na biya dubu 15 ne a wata, ban da dubu 3 na fom. Ana shiga bayan la'asar a tashi gab da magariba, Litinin zuwa Alhamis. Malaman Turanci biyu ne, kuma gaskiyar magana dukkan yabon da zan yi na mutum ɗaya ne, mai koyar da nahawu ranar Talata da Alhamis, wani dattijo siriri mai farin gilashi da aka ce ya daɗe yana koyarwa a makarantar gwamnati kafin ya yi ritaya. In ka cire shi daga wajen to sauran ba komai ba ne, zan zo kan wannan.

Abin da ya fi kayar da ni a jarrabawa tun da can shi ne tambayar nan da kusan ba ta fashi a ɓangaren fahimtar labari, inda za su ciro wani guntun magana daga cikin labarin su ce "What grammatical name is given to this expression as it is used in the passage?" sannan su bi da "What is its function?". Wallahi duk zaman da na yi a sakandare canki-canka nake yi, in na ga "who" in rubuta wannan in na ga "when" in rubuta wancan, ban taɓa sanin me ake nema ba. Abin da suke kira subordinate clause kenan, shi kuma Malam da Hausa yake kiransa ganga dogarau, ya ce haka malaman nahawun Hausa suke cewa, ɗayar kuma da take iya tsayawa da ƙafarta ganga tsayayya.

Ranar da ya fara darasin ba zan manta ba. Ya shigo ya ajiye jakarsa ko allo bai kalla ba ya ce, "Jiya da na isa Kantin Kwari..." sai ya yi shiru ya ja kujera ya zauna ya ciro carbi. Muna ta jira. Aka yi kusan minti ɗaya aji tsit sai ƙarar adaidaita daga titi, can wata yarinya daga baya ta kasa haƙuri ta ce "Malam sai me ya faru?" Ya miƙe ya nuna ta da alli ya ce "Yawwa 'yata, kin gama darasin yau. Duk maganar da ke da mai aiki da aikatau amma in an faɗe ta sai kunnenki ya ce sai me, to dogarau ce." Ya rubuta "When I reached Kantin Kwari" a allo ya ce ga mai aiki nan "I", ga aikatau nan "reached", komai ya cika amma ba ta tsaya ba, sai an kawo mata "I found the shop locked" tukunna hankali ya kwanta. Da ya ji ni ɗan kasuwa ne sai ya juyo ya ce "Alhaji, kai za ka fi kowa ganewa, yaron shago ne. Yana da hannu yana da baki yana ciniki, amma shagon ba nasa ba ne, dole akwai ubangidan da yake yi wa aiki." Tun daga ranar in na ga irin wannan gangar tambayar da nake fara yi ita ce wa take yi wa aiki, kuma ashe amsar tambayar function ɗin kenan da na shekara da shekaru ina faɗuwa.

Ya ce aiki uku ne kawai yaron shagon nan zai iya yi. Ko ya tsaya a gurbin suna, shi ne noun clause, ko ya siffanta wani suna, adjectival clause, ko ya yi bayani a kan aikatau, yaushe ko a ina ko don me ko da wane sharaɗi, shi ne adverbial clause. Dabarar da ya ba mu ta gane ta suna ita ce ka cire ta ka sa "it" ko "something" a wurin, in jimlar ta zauna lafiya to ita ce. "What the customer said annoyed me", cire ka ce "It annoyed me", ta zauna, to noun clause ce kuma aikinta subject of the verb "annoyed". Ya kuma ja mana kunne cewa in ta bayanau ce, wato mai bayani a kan aikatau, kar ka ce adverbial kawai ka gudu, ka faɗi clause ce ko phrase, wato ganga ce ko yankin jimla, ka ƙara da irinta, of time ko of reason ko of condition ko of concession, sannan a wajen aiki ka ambaci ainihin aikatau ɗin da take yi wa bayani, modifies the verb kaza. Ita kuma ta sifa qualifies the noun kaza, kuma sai ka kawo sunan ba wai ka ce the noun ka yi shiru ba.

Amma inda ya wanke min ido sosai shi ne ranar da ya rubuta jimla uku a jere duk da "where" a ciki. "I know where he lives." "This is the house where he lives." "He sleeps where he works." Ya ce kowa ya faɗi sunan kowace, kusan duk ajin muka ce adverbial clause of place har da ɗaga murya don mun ga where. Ya yi dariya har sai da ya cire gilashi ya goge ido ya ce ɗaya kawai muka ci. Ta farko suna ce, don "I know it" ya zauna. Ta biyu sifa ce, gidan take siffantawa, wane gida, wanda yake zaune a ciki. Ta uku ce kaɗai bayanau don ita ke faɗin inda barcin yake faruwa. Ya ce kalmar da ke bakin ƙofa ba ita ke faɗa maka waye a cikin ɗaki ba, sai ka leƙa. Ni kuwa a ranar na gano abin da ya cinye min maki shekara 11 da suka wuce, na hau adaidaita ina ta jin haushin kaina har Zoo Road.

Bambancin clause da phrase ma cikin minti biyar ya gama da shi. "After the prayer" babu aikatau, yankin jimla ne kawai. "After we had prayed" ga mai aiki ga aikatau mai ɗauke da lokaci, ganga ce. Shi ke nan.

Abin da ya bambanta mutumin nan da duk malaman Turancin da na taɓa zama a gabansu shi ne daga Hausa yake tasowa. Yana cewa yawancin kurakuranmu ba daƙiƙanci ba ne, Hausa ce ke leƙowa ta cikin rigar Turanci, kuma in ka gane ta inda take leƙowa ka gama. Ya nuna mana cewa mu ma a harshenmu muna da wannan tsarin har ma ya fi na Bature tsauri, don kai da bakinka kana cewa "sun zo" amma da ka sa "da" sai ka ce "mutanen da suka zo", kana cewa "yana kuka" amma "yaron da yake kuka", babu wanda ya zaunar da kai ya koya maka, kuma da wani zai ce maka "yaron da yana kuka" nan take za ka san baƙo ne a Kano.

Kuskure na farko da ya kama ni da shi dumu-dumu shi ne although da but. A insha'in farko da na rubuta masa na sa "Although the market was full but I did not sell anything", ni a ganina na zuba Turanci. Ya zagaye but ɗin da jan biro ya rubuta a gefe da Hausa, "amma ɗinka ka bar ta a gida". Mu muna cewa duk da kasuwa ta cika amma ban yi ciniki ba, kuma daidai ne a Hausa, a Turanci kuwa ɗaya ake ɗauka, ko although ko but, don although ta riga ta mayar da gangar farko dogarau, ta biyun dole ta zama tsayayya ba tare da wani mahaɗi ya riƙe ta ba. Haka because da so, ba sa haɗuwa a jimla ɗaya.

Na biyu wanda kusan duk ajin muke yi, "the phone that I bought it", "the man that I saw him". Wayar da na saye ta, mutumin da na gan shi. Malam ya ce that ɗin ko which ko whom ta riga ta tsaya a madadin wayar, in ka ƙara "it" ka biya kuɗin abu ɗaya sau biyu. A nan ne ya burge 'yan Islamiyya da ke ajin don ya ce Larabci ma yana mayar da wakilin suna irin namu bayan allazi, abin da malaman nahawu ke kira a'id, to Hausa da Larabci sun haɗu a nan Turanci ne ya ware, shi ya sa wanda ya yi karatun zaure ma abin yake ƙara kama shi. Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne "the trader who his shop burnt", ɗan kasuwar da shagonsa ya ƙone, inda Bature ke dunƙule who da his ya ce whose.

Sai na lokaci da sharaɗi. "When I will come tomorrow I will pay you", wannan kam ni har a saƙon waya na sha tura wa masu turo min kaya daga Legas. Ashe bayan when da if da before da until da as soon as, in ganga ce ta lokaci ko sharaɗi, ba a sa will ko da gobe ake nufi, "When I come tomorrow, I will pay you". Da kuma tambayar da aka cusa cikin jimla, "I don't know where is he", wadda daidanta "where he is". Ya ce ku dubi Hausarku, kuna cewa ina yake, amma ban san inda yake ba kuke cewa, ina ta koma inda, to su ma suna sauya tsarin, tambaya in ta shiga gidan wani sai ta cire takalmi.

Darasin waƙafi kuwa shi ne ranar da aka fi dariya. Dokar farko mai sauƙi ce, in dogarau ta bayanau ta zo a gaba sai ka sa waƙafi kafin tsayayya, in ta zo a baya galibi ba a bukata. Sai ya rubuta "My wife who lives in Kurna is a teacher" da kuma "My wife, who lives in Kurna, is a teacher" ya ce wanne ne mai mata ɗaya. Aka yi ta musu. Ashe ta biyun mai waƙafi biyu ita ce ta mai mace ɗaya, zaman Kurna ƙarin bayani ne kawai ko an cire ba a rasa komai ba, ta farkon kuwa tana nuna akwai wata a wata unguwar shi ya sa ake tantancewa wacce ake nufi. Wani magidanci da ke zama kusa da ni ya ce "Malam ashe waƙafi ma yana iya kashe aure", Malam ya ce "Sosai, in uwargida ta iya Turanci." Ya ƙara da cewa irin mai waƙafin nan ba a buɗe ta da that, who ko which ake sawa.

Duk wannan ba don tambaya ɗaya ta fahimtar labari ba ne kawai. A insha'i ana son kalma wajen 450 kuma akwai makin da aka ware na tsabtar rubutu inda kowane kuskure ke cin rabin maki, to ka ga mutum in yana sa aya bayan "Because I was tired" ya fara sabuwar jimla, yana haɗa although da but, kafin ya kai rabin shafi makin nan ya ƙare. A taƙaita labari ma cikakkiyar jimla ake so, wanda ya amsa da ganga dogarau tsirara an rage masa.

To yanzu ɓangaren da ba daɗi.

Cunkoso ya yi yawa. Da na je yin rajista mai karɓar kuɗi ya ce min ba sa wuce mutum 30 a aji, ni da kaina na ƙirga ranar wata Talata mun haura 55, benci na mutum uku ana zama biyar, ga zafin Kano na watan Afrilu da Mayu ka san yadda yake, fanka biyu ce ɗaya daga ciki ma ba ta juyawa, in NEPA sun ɗauke sai an yi ta roƙo kafin a tada janareta wai mai ya yi tsada, kamar mu kyauta muke zaune. Wanda ya makara ya zauna a baya ko rubutun allo ba ya gani.

Malami na biyu mai koyar da furuci da kalmomi ranar Litinin da Laraba, Allah ya ba shi haƙuri amma ba koyarwa yake ba. Matashi ne, sai ya shigo da rabin awa a makare yana danna waya, ya buɗe handawut ya karanta mana kamar mai karanta sanarwa a rediyo, in ka yi tambaya ya ce ai yana cikin handawut. Handawut ɗin kuma dole ne ka saya dubu 2, hoton kwafi ne da ya dushe wasu shafukan ma a karkace, kuma abin dariya a shafi na huɗu na tsinci although da but a jimla ɗaya cikin bayanin da su suka rubuta. Na kai wa Malam dattijo na nuna masa, ya kalla ya girgiza kai ya ce "Ba ni na rubuta ba Alhaji, amma tunda ka gano to kuɗinka bai faɗi ba."

Shi kansa Malam ɗin ba waliyyi ba ne. Yana da saurin faɗa, kuma yana da ba'a mai zafi, mu manya muna shanyewa amma na ga wata yarinya da ya karanta insha'inta a gaban aji ana dariya, sati biyu ba ta dawo ba. Sannan saboda yawanmu gyaran rubutu yana jinkiri ƙwarai, a wata uku insha'i huɗu kawai ya duba min, alhali wannan abin in ba ka rubuta an gyara maka ba to a kai kawai yake zama bai sauko hannu ba. Kuma kashi mafi yawa na darasin da Hausa yake yi, wanda a wajena shi ne amfaninsa, amma wanda ya zo don bakinsa ya buɗe ya riƙa magana da Turanci to ya nemi wani wajen, nan ba za a ba shi damar furta ko jimla biyar a sati ba.

Akwai kuma abin da ya ɓata min rai fiye da zafin. Wata rana bayan an tashi wani daga cikin masu kula da wajen ya ja ni gefe a kan matakala ya ce in ina so akwai santar jarrabawa da suke da hanya a ciki, in na ƙara wani abu za a "taimaka" ranar jarrabawa. Na ce masa na gode, da wannan nake so ai da ban rufe shago tun la'asar ina asarar ciniki ina haye-hayen adaidaita ba. Ban sani ba ko da sanin masu wajen yake yi ko gaban kansa ne, amma iyaye masu turo yara su sani ana irin wannan raɗa a matakala.

Mata kuma su yi la'akari da lokacin tashi, don wani lokacin Malam in darasi ya yi masa daɗi sai an kira magariba yake sallama, ga hanyar Kabuga da cunkoso a wannan lokacin, wajen salla na mata kuma wani ɗan lungu ne da tabarma ɗaya.

Da na je biyan wata na huɗu na tambaya ko za a bar ni in riƙa zuwa Talata da Alhamis kawai in biya rabi, mai karɓar kuɗi ya ce babu wannan tsarin, ko duka ko babu. Na biya dukan, amma Litinin da Laraba ina shagona, furucin kuma ina bin tsofaffin tambayoyin jarrabawa da daddare, yarona na shago yana riƙe min takardar amsa yana cewa "Oga ka sake faɗi". In za ka je ka je da wuri ka kama bencin gaba ta ɓangaren taga, ka tafi da ruwanka da littafi mai kauri don Malam ba ya maimaita misali, in ya goge ya goge. Ranar Alhamis mai zuwa ya ce za mu shiga unless da provided that, kuma ya riga ya yi min gargaɗi in zo da insha'in da ya ba ni tun makon jiya a kan gobarar kasuwa, wanda har yanzu sakin layi biyu kawai na rubuta.